Ƙaramin ɗan kasuwa in ya karye, wace ƙofa doka ta bar masa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu in yi magana kan wani abu da ke cin ƙananan 'yan kasuwa a Jihar Kebbi, wanda ban cika jin an ɗauko shi ba, a majalisa ko a gidan rediyo. Kullum zancen da ake yi shi ne yadda za a ba mai ƙaramar sana'a rance. Ranar da rancen zai fi ƙarfinsa kuwa, babu mai zancenta. Ni akawu ne, na daɗe ina riƙe littafin shiga da fita na wani ƙaramin injin casar shinkafa a Argungu, kuma abin da idona ya gani ya tabbatar mini cewa sana'o'i da yawa da ke mutuwa a hannun masu bin bashi suna da sauran numfashi. Wasoso ne ke ƙarasa su.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya a kasuwanninmu, daga Jega zuwa Kamba har Yawuri. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin cewa wane ya fara tangal-tangal, duk mai binsa sai ya ɗaura ɗamara, don ya san wanda ya riga isa shi zai samu. Mai ƙarfi ya zo da mota ya kwashi kaya. Mai hanya ya sa a tsare mutum har sai danginsa sun haɗa wani abu, alhali dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Banki kuma yana riƙe da takardar gida, ga tsarin Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a Agustan 2020, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya ciri kuɗinsa daga asusun mutum na wani bankin. Cikin 'yan makonni sana'ar da za ta iya biyan kowa a hankali ta zama kango. Su masu wasoson ban cika ganin laifinsu ba. Tunda babu wanda ke da ikon ce wa kowa ya dakata, wa zai yarda ya zama na ƙarshe?

Wani zai ce ai an gyara doka. Gaskiya ne. A ranar 7 ga Agusta, 2020, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar kamfanoni ta CAMA, wadda ta maye gurbin ta 1990. Kafin ita, kamfanin da ya gaza biyan bashi yawanci ɗayan biyu ne makomarsa: banki ya naɗa wakili ya karɓe dukiya, ko kotu ta rushe shi. Sabuwar dokar ta buɗe hanyoyin ceto guda biyu. Ta farko, daraktocin kamfani su kai wa masu binsu tayin yadda za su biya, a ƙarƙashin kulawar wani ƙwararre da zai kai wa kotu rahoto cikin kwana 28, in masu bin bashi sun amince da rinjayen da doka ta gindaya, yarjejeniyar ta hau kan sauran. Ta biyu, a miƙa ragamar kamfanin ga ƙwararre na tsawon shekara guda, kuma a cikin wannan lokaci ba mai taɓa dukiyar kamfanin ko ya maka shi a kotu sai da izini. Dokar ta kuma ɗaga bashin da za a iya neman rushe kamfani a kansa daga naira 2,000 zuwa 200,000. Duk wannan ci gaba ne, kuma waɗanda suka yi aikin sun cancanci yabo.

Sai dai a duba wa aka yi wa wannan gyara. Sunanta dokar kamfanoni, kuma hanyoyin ceton nan na cikakken kamfani ne. Binciken da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka yi a 2021 ya ƙirga ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 39 a Najeriya, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne da iyalinsa. Wanda ya yi ƙoƙari a cikinsu shi ne ya je hukumar CAC mai rajistar kamfanoni ya yi rajistar sunan kasuwanci. A idon doka, mai irin wannan rajista shi da shagonsa abu ɗaya ne, bashin shago bashinsa ne, gidansa da gonarsa duk suna ciki. Abin da ya rage masa shi ne dokar karyewar arziki ta 1979, wadda ni dai tunda nake ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya kai kansa gare ta ba. Yaya zai kai kansa, bayan tsarin mulki ma ya hana wanda aka ayyana ya karye tsayawa takara sai an wanke shi? A garin da ake bincika asalin mutum kafin a ba ɗansa aure, wannan tambari ya fi bashin ciwo.

Ga yadda ta kasance da namu injin. Maigidana yana da injin casa biyu da na tsince tsakuwa ɗaya, da ma'aikata goma sha huɗu, ban da mata masu gumi da ke turara mana shinkafa a gidajensu. Shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, muna saye daga dillalan da ke tarowa a fadamun Augie da Suru da Bunza. Shekarun da suka biyo bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance a nan Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe iyakoki a Agustan 2019, kasuwa ta yi daɗi ƙwarai, har ya ci bashin wani banki don ya riƙa tara shanshera da kaka. Daga nan abubuwa suka biyo juna. A farkon 2023 takardar kuɗi ta yi wuya, manomi kuwa ba ya sakin buhu sai ya ga tsaba a hannu, inji ya kwana biyu a kashe. Man dizal ya yi tsada, ruwan bashi ya hau. Sai kuma muka sayi shanshera da tsada, farashin shinkafa ya faɗo tana cikin sito.

Ran da na zauna na haɗa lissafi, banki yana binmu naira miliyan 18, dillalai miliyan 9, mata masu gumi kusan miliyan 2, ma'aikata albashin wata biyu. Mu kuma muna bin 'yan kasuwar kudu wajen miliyan 6. Amma injinan lafiyarsu ƙalau, kuma ko ba mu sayi buhu ɗaya ba, ladan casar da manoma da mata ke kawowa yana bar mana kusan naira 900,000 a wata bayan an cire mai da albashi. Rabin wannan ruwan banki ne ke lashe shi. Lissafin a fili yake: in banki ya sassauta ruwa, kowa ya yi haƙuri, cikin shekara uku ba wanda zai yi asarar ko sisi.

Da wannan takarda muka je wurin wani lauya a Birnin Kebbi, mutumin kirki, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce da farko rajistar maigida ta suna ce, don haka waɗancan hanyoyi ba nasa ba ne. Ya ce ko da cikakken kamfani ne, sai an ɗauko ƙwararre mai lasisin CAC, wanda ya shekara biyar aƙalla a aikin lauya ko akanta, kuma yawancin masu wannan aiki suna Legas da Abuja, kuɗin hidimarsu da na zuwansu daga aljihun wanda ya riga ya karye za su fito. Sai an kawo lissafin da akanta ya tantance, sai an shigar da takardu a Babbar Kotun Tarayya, don ita kaɗai ke da hurumin wannan shari'a. Sannan ya faɗi wadda ta kashe mana jiki: hanyar tayin biya ba ta tsayar da masu bin bashi kai tsaye, kuma ba ta hawa kan mai riƙe da jingina sai in shi ya yarda. Wato banki, wanda shi ne babban mai bi, yana iya zama a waje ya ci gaba da shirinsa.

Sai muka koma ga abin da muka sani. Aka roƙi Sarkin Kasuwa da limamin unguwa, aka shimfiɗa tabarmi a rumfar shanya, aka kira kowa. Na karanta lissafi da ƙarfi, ban rage komai ba, har da abin da maigida ya ɗiba ya yi hidimar gida. Matan ne suka fara magana, ta bakin wata dattijuwa da ta fi su daɗewa da mu, suka ce sun yarda a riƙa ba su kaɗan-kaɗan muddin inji na juyawa, don in ya tsaya su ma tukunyarsu ta sauka. Dillalai suka yi ta ja, liman ya yi ta ba su baki, har suka sauko a kan a fara da su in kuɗin kudu ya shigo. Aka juya ga yaron da banki ya turo, yaro mai ladabi, ya durƙusa ya gaida manya. Ya ce, "Baba, wallahi ni ɗan aike ne. Na ji duk abin da aka faɗa, kuma zan rubuta, amma sai abin da hedikwata ta ce." Sarkin Kasuwa ya tambaye shi ko zai iya yi musu alkawarin ba za a taɓa inji ba har wata uku. Ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da wannan iko.

Wannan kalma ita ta watsa taron, ko da yake an rufe da addu'a an yi musafaha. Kowane dillali ya tafi gida da lissafin cewa in banki zai ɗauke inji, haƙurinsa na banza ne. Kafin mako ya zagayo, wanda ya fi su baki ya zo da mota da 'yan dako ya kwashe buhunan da ke sito, har da na mutanen da suka kawo casa. Daga ranar manoma suka daina kawo mana kaya, kuma da gaskiyarsu. Ladan casar da na gina lissafina a kai ya tsaya cak. Ƙarshenta aka buga injinan gwanjo a naira miliyan 8, injinan da yau ba za ka kafa irinsu da miliyan 25 ba, aka fasa simintin da aka dasa su aka loda. Bankin ma bai cika kuɗinsa ba sai da aka haɗa da gida. Dillalai biyu sun samu wani abu, sauran ko anini. Dattijuwar nan ta same ni a ƙofar gida da ɗan littafinta a ƙulle cikin leda, naira 140,000 take bi. Ta ce, "Ɗana, kuɗɗin ga na adashe na. Mi za ni ce ma mata?" Ban sami abin da zan ce mata ba.

Na kawo zancenta ne don masu ganin cewa sassauta wa wanda ya karye zaluntar masu binsa ne. A wasoso, mai jingina da mai ƙarfi ne ke tsira. Manomin da ya ba da buhu goma bisa amana, da mai gumi, da lebura, su ne ke tashi hannu rabbana, kuma su ɗin ma ƙananan 'yan kasuwa ne da wani ke bi. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, shi ya sa inji ɗaya in ya faɗi sai ka ji ƙararsa a gidaje arba'in.

Manya kuwa ba haka ake yi musu ba. An kafa hukumar AMCON a 2010 ta sayi munanan basussukan bankuna, ta zauna da manyan masu cin bashi aka yi ta sake musu jadawalin biya. Ta karɓi kamfanin jiragen Arik a Fabrairun 2017, jiragen suka ci gaba da tashi shekara da shekaru. Hujjar da aka bayar ita ce ayyukan jama'a da tattalin arziki, kuma ban ƙi ta ba. Ina tambaya ne kawai ko mutum goma sha huɗu na Argungu ba jama'a ba ne.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta sama ba. A Amurka, Babi na 11 na dokar karyewarsu shi ne ya fitar da kamfanin General Motors daga rami cikin kwana 40 a 2009, amma sun daɗe suna kukan cewa ƙaramin kamfani in ya shiga, kuɗin lauyoyi da tsawon shari'a ne ke ƙarasa shi, kuma mai shi ba ya iya riƙe sana'arsa sai ya biya kowa cif ko sun yarda. Sai suka yi wa ƙanana wani sashe na daban da ya fara aiki a Fabrairun 2020. A wannan sashe, da shigar da takarda kowa zai dakata. Ana naɗa wani amintacce wanda babban aikinsa sasanta tsakani, mai sana'a yana ci gaba da riƙe shagonsa, ya kawo tsarin biya cikin kwana 90, kuma alƙali yana iya amincewa da tsarin ko masu bi sun ƙi, in dai ya sadaukar da rarar abin da yake samu na shekara uku zuwa biyar. Mutum ɗaya mai sana'a ma yana shiga, ba sai kamfani ba. Iyakar bashin ta fara da kusan dala miliyan 2.7, aka ɗaga ta zuwa miliyan 7.5 lokacin korona, ta dawo wajen miliyan 3 a Yunin 2024. Ƙaraminsu a wurinmu hamshaƙi ne, amma dabarar ita ce abin ɗauka. Alƙaluman ma'aikatar shari'arsu sun nuna kusan rabin masu bin wannan hanya suna samun amincewar kotu, wajen ninki biyu na ƙananan da suka bi tsohuwar hanya. Rabin da suka rage kuma darasi ne: ba kowace sana'a ce ke tashi ba, ko an ba ta fili.

In Amurka ta yi nisa, a leƙa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin. Nijar da Benin, waɗanda duk muke iyaka da su a Kebbi, suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA masu dokar kasuwanci guda. A 2015 suka sabunta dokarsu ta gazawar biyan bashi, suka sa matakin sulhu kafin a kai ga rushewa, suka kuma ware sauƙaƙƙiyar hanya ga sana'ar da ma'aikatanta ba su wuce 20 ba kuma cinikinta na shekara bai haura sefa miliyan 50 ba, ko da ta mutum ɗaya ce. Rubutu a takarda daban, aiki da shi daban, amma dai dokarsu ta san da zaman ɗan tireda. Ɗan Kamba da ɗan Gaya kasuwa ɗaya suke ci, wani lokaci ma kakansu ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne duk wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa sauƙi, aya ta 60 a Suratut Tauba kuma ta sa masu bashi cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Ka'abu ɗan Maliku ya ɗaga murya a masallaci yana bin Ibn Abi Hadrad, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa nuni da ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Malamanmu na Malikiyya suna da babi guda a kan wanda bashi ya cinye dukiyarsa: alƙali ya hana shi taɓa dukiyar, ya tara masu bi duka, a raba gwargwadon abin da kowa ke bi, wanda ya tarar da ainihin kayansa shi ya fi cancanta da su, a bar wa mutum abincinsa da suturarsa da na iyalinsa. Har kayan aikin mai sana'a sai da suka tsaya suka yi ta muhawara ko ya halatta a sayar. Yanzu a kwatanta da dokar zartar da hukuncin kotu da muka gada tun 1945, wadda ita ma ta ce a bar wa mutum tufafinsa da shimfiɗarsa da kayan aikinsa, amma na kimar naira goma. Naira goma, Malam Edita, a rubuce har yau. Ko allurar keken ɗinki ba za ta saya ba.

Na san akwai macuta, na kuma zauna da su. Akwai mai karɓar kayan mutane ya ƙara aure, ya sayi fili da sunan ɗansa, sannan ya ce ya karye. Irin wannan ba shi nake nema wa sauƙi ba, kuma tsari mai kyau shi ke tona shi, don sharaɗin shiga shi ne ka buɗe littafinka gaban kowa, a bi sawun abin da ka sayar ko ka kyautar dab da faɗuwarka. Yanzu da babu tsari, macuci ne ke cin riba, shi ya san lokacin gudu. Mai gaskiyar da ya tsaya ya fuskanci mutane shi ake yi wa tsirara. Mu ma 'yan kasuwa da namu gyaran: a raba aljihun shago da na cefane, a rubuta bashi kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, kuma a yi magana tun rami bai yi zurfi ba, don kunya ta sa da yawa ba sa buɗe baki sai ranar da mota ta tsaya a ƙofar sito.

Tsarin mulki ya sa dokar karyewar arziki a hannun tarayya kaɗai, saboda haka kirana na farko ga sanatocinmu uku ne da 'yan majalisar wakilai na Kebbi. A yi wa ƙananan sana'o'i hanyarsu, wadda mai rajistar suna da marar rajista duk za su iya bi, da fom ɗin da akawu irina zai iya cikawa da Hausa. Da shigar da shi kowa ya dakata na wata uku, har da mai riƙe da jingina, don in ba a ɗaure hannun banki na ɗan lokaci ba, duk zaman da za a yi a kan tabarma zance ne kawai. A bar mai sana'a a kan injinsa ƙarƙashin idon mai sasantawa da ke zaune a jihar, wanda aka ƙayyade ladansa. In lissafi ya nuna sana'ar ba za ta tashi ba, a sayar a natse, a raba da adalci, a sallami mutum ya sake neman na kansa.

Kafin majalisa ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Legas da Kano sun buɗe kotunan ƙananan basussuka don mai bi ya karɓi haƙƙinsa da sauri, kuma hakan daidai ne, amma wanda ake bi shi ma yana buƙatar inda zai kira duk masu binsa a zama ɗaya. Babban Jojin Jiha da Alƙalin Alƙalai za su iya ware zauren sulhu na bashin kasuwa a Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri da Zuru, a riƙa mayar da abin da aka amince a kai hukuncin kotu, yadda ba mai zuwa da mota bayan an yi musafaha. Bankunan da ke riƙe da asusun gwamnatin jiha kuma a nemi su riƙa turo wanda ke da ikon cewa e ko a'a. Ita kuwa naira goman nan, gyaranta layi ɗaya ne a takarda, kuma zan so ɗaya daga cikin wakilanmu ya amsa a wannan shafi ya faɗa mana ranar da zai gabatar da shi.

Wassalam.

Naku,
Wani akawun injin casar shinkafa,
Argungu, Jihar Kebbi.